Shirin da mai horar da 'yan kasuwa ke yi kafin zama da wanda ya nemi shawararsa

A garuruwan arewacin Kamaru irin su Garwa da Marwa da Ngaundere ana samun masu horar da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda ake kira koci, wasu suna aiki a ƙarƙashin ƙungiyoyin tallafi, wasu kuma suna zaman kansu. Zaman da koci ke yi da mutum ba ya cika wuce awa ɗaya, saboda haka idan ya ɓatar da rabin wannan lokaci wajen tambayar abin da ya kamata ya sani tun daga gida, ɗan kasuwar zai tashi bai ƙaru da komai ba.

Shiri yana farawa ne da littafin koci. Kowane mutum a ware masa nasa shafi, kuma kwana ɗaya kafin haɗuwa koci ya karanta abin da aka tattauna a zaman baya da abin da mutumin ya yi alkawarin aikatawa. Idan zaman farko ne, ya kira shi ko ya tura masa saƙon murya ta WhatsApp, ya ji abin da yake sayarwa da kuma matsala guda ɗaya da ta fi damunsa, sannan ya roƙe shi ya zo da littafin bashi da lissafin adashinsa, kuma kada ya goge saƙonnin tura kuɗi na Orange Money ko na MTN da ke cikin wayarsa, domin sau da yawa su ne kaɗai rubutacciyar shaidar cinikinsa.

Abin da ya fi jefa sababbin masu horarwa cikin kuskure shi ne ƙidayar kuɗi. Wanda ya yi boko yana lissafi da sefa kamar yadda aka rubuta a jikin takardar kuɗi, amma a kasuwa da dala ake ƙirga, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai tebur ya ce ya ci ribar ɗari, mai yiwuwa sefa 500 yake nufi, ɗari biyu kuwa ita ce jaka guda, wato sefa 1,000, wadda Fulani ke kira boro. A Kusseri da kuma Njamena, inda Larabcin Shuwa ya fi ƙarfi, riyal ake cewa, shi ma sefa 5 ne. Kocin da bai tantance wannan ba tun kafin a zauna zai rubuta 100 a inda ake nufin 500, daga nan duk lissafin uwar kuɗi da riba ya rushe, kuma ɗan kasuwar, saboda kara, ba lallai ne ya gyara masa ba. Haka ma'auni yake: sai an san girman buhun da ake magana a kai, da ko kwano ne ko koro irin na Chadi. Wanda ke saro kaya daga Mubi ko Yola kuwa, wajibi ne koci ya tambayi 'yan canji farashin naira na safiyar ranar, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 duk yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

Yana da kyau koci ya taka zuwa kasuwa da ƙafarsa ya ji farashin kayan da mutumin ke sayarwa. Albasa tana faɗuwa lokacin da aka kwashe ta a rani, ta kuma yi tsada da damina, ƙauyukan da ke noman auduga kuma ciniki yana buɗewa a cikinsu idan Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, ta biya manoma. Shawarar da ba ta yi la'akari da wannan juyi ba, takarda ce kawai.

Bayan haka sai tsara tambayoyi. Masu wannan aiki da yawa suna bin tsarin GROW, wanda wani Baturen Ingila mai suna John Whitmore ya yaɗa daga shekarar 1992, kuma matakansa huɗu ne: burin mutum, da halin da yake ciki yanzu, da hanyoyin da ke gabansa, da abin da zai aikata da kansa. Tambaya biyar ko shida a rubuce sun isa, amma kada a karanto su ɗaya bayan ɗaya kamar a ofishin jandarma. A ganina tambayar da ta fara da "me ya sa" ba ta dace da dattijo ba, domin tana kama da tuhuma. Maimakon a ce masa me ya sa jarinsa yake raguwa, ya fi kyau a ce: "Alhaji, cikin kuɗin da ya shigo makon jiya, nawa ya koma kaya, nawa kuma ya tafi cefane?" Da wannan shi da kansa zai ga inda kuɗin ke zurarewa. Koci ya kuma kiyayi zuwa da amsa a aljihu, ko da yana ganin ya riga ya gano matsalar, saboda mutum ya fi riƙe shawarar da ta fito daga bakinsa.

Idan ana tsammanin maganar rajista za ta taso, ya sake duba matsayin ƙaramin ɗan kasuwa da dokar 2010 ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ta tanada, wadda ke aiki a Kamaru da Chadi baki ɗaya. Batun haraji kuwa, ya nemo ofishin da zai tura mutumin, ya bar kintace.

Saura lokaci da wuri. Ba a sa wa ɗan kasuwar Marwa zama ranar Litinin, ranar babbar kasuwarsu, ko mai cin kasuwar Pitowa ranar Lahadi, haka nan ba a sa shi gab da sallar Juma'a. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, hantsi ko bayan la'asar ya fi. Bakin shago bai dace ba, domin babu wanda zai faɗi bashin da ke kansa maƙwabta suna saurare. Idan matar aure ce mai sana'ar cikin gida, a nemi izinin maigidanta tun da wuri a zauna a zaure, ko kuma a tura mace ta yi aikin. A kuma tambayi harshen da mutum ya fi sakewa da shi, Hausa ko Fillanci ko Faransanci, a daidaita maganar kuɗin aiki ta waya kafin ranar.

Idan ranar ta zo, koci ya isa wurin da kamar minti goma sha biyar kafin lokaci, ya kashe ƙarar wayarsa, ya sake duba shafin mutumin sau ɗaya, ya ajiye biro da na'urar lissafi kusa da shi, ya kuma bar wa gaisuwa lokacinta kafin ya buɗe littafi.