Yadda Ake Tsinko Tafasa A Farkon Damina A Yi Kwaɗonta

Da zarar ruwa ya sauka sau biyu ko uku ƙasa ta jiƙa, cikin abubuwan da ke fara toho a saura da gefen gonaki akwai tafasa. A wajen Dass, Tafawa Ɓalewa da Toro hakan kan faru tun cikin watan Mayu, su kuwa mutanen Azare, Misau da Jama'are sai sun ɗan jira zuwa Yuni. Bayan watannin da aka kwashe ana fama da miyar kuka da busasshiyar kuɓewa, jiki da kansa yake neman ɗanyen ganye, ga shi kuma kyauta. Amma duk shekara sai na ga 'yan mata, musamman waɗanda suka tashi a cikin gari, sun fita da kwando sun dawo da abin da ba zai ciwu ba, ko wanda bai kamata ma a kai baki ba. Saboda su nake wannan rubutu.

Abu na farko shi ne lokaci. Ki bari tsiron ya kai kamar taƙi ɗaya ko ya ɗan wuce, wato mako biyu zuwa uku bayan ruwa ya zauna. Idan kika ga ta fara fure rawaya, kin makara. Tsohon ganyen tafasa yana da ƙarfi, yana da ɗaci, kuma idan aka ci da yawa yana saki ciki. Ki fita da sassafe. Da yamma ganyen yakan naɗe ya rufe, wanda bai saba ba sai ya wuce ta bai gane ta ba.

Kafin ki taka cikin ciyawa, ki sa takalmi rufaffe, ki riƙe sanda kina bugun gabanki. Farkon damina lokacin macizai ne, kububuwa kuma kalar ƙasa gare ta, ba a ganinta da wuri. Ba banza ba aka kafa asibitin saran maciji a Kaltungo, kuma lokacin aikin gona ne ya fi cika. In tsautsayi ya afka, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya. A kwantar da mutum, a rage masa motsi, a nufi asibiti.

Sai wurin da za a tsinka, kuma a nan ne nake so ki buɗe kunne. Iyayenmu ba su sha wannan damuwar ba, domin a zamaninsu fartanya ce ke share gona. Yanzu kuwa feshi ne. Manomi zai goya tankinsa a baya ya feshe gonar har da gefenta kafin ya shuka, kuma daidai wannan lokacin ne tafasa take kan ganiyarta. Akwai maganin da ke ƙone ciyawa cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ido zai gani. Wanda ya fi haɗari ga mai tsinka shi ne mai aiki a hankali, irin su gilayfoset, wanda ganye zai ci gaba da zama kore shar na wasu kwanaki kafin ya fara yin rawaya. Za ki gan shi lafiya lau, alhali jiya aka feshe shi, kuma wanki da dafuwa ba su ba ki tabbacin sun raba ki da shi. Don haka idan akwai mutum a gonar, ki yi sallama ki tambaya: "Sannu da aiki, Baba. An yi feshi a nan?" Ba wanda zai ji haushi, sau da yawa ma shi zai nuna miki inda bai taɓa ba. Idan ba kowa, ki duba alamu: robar magani da aka jefar a kan iyaka, ciyawar da ta fara laushi ko kalarta ta fara dusashewa, ko fili da aka share aka bari ana jiran shuka. Kin ga ɗaya daga ciki, ki wuce. A wurina ƙa'idar ita ce gonar da ban san mai ita ba, ba na tsinka a bakinta, ko da tafasar ta kai yaya kyau.

Haka nan ki bar ta bakin kwalta, ta kan juji, ta gefen kwata da ta bayan gari inda ake zagayawa. A nan ne ta fi yin ƙosasshen ganye, shi ya sa take ruɗar mutane. Ki nemi saurar da ba a noma ba bana, ko tsohon mashekarin Fulani inda shanu suka kwana da rani. Ƙasar wurin ta sha taki, tafasa takan fito ta cika shi.

Yanzu gane ta. Tafasa tana da 'yar uwa mai suna rai-ɗore, sukan fito wuri ɗaya, furensu duka rawaya ne, kuma suna ƙanana sun yi kama ƙwarai. Ki ɗauki reshen ganye ɗaya ki ƙirga. Na tafasa ganye shida ne, bibbiyu sau uku, kowanne siriri daga gindi, mai faɗi da zagaye daga baki. Na rai-ɗore sun fi haka yawa, galibi takwas ko goma, kuma bakinsu mai tsini ne. Karan rai-ɗore yakan yi ja-ja, sannan idan kika murza ganyen za ki ji wani wari mai ƙarfi da ya fi na tafasa hawa kai. Idan akwai busasshen kara na bara a tsaye, ki duba 'ya'yan: kwanson tafasa dogo ne siriri mai lanƙwasa kamar lauje, na rai-ɗore ya fi faɗi. Tsofaffi suna dafa rai-ɗore a yi wanka ko surace idan ana zazzaɓi, wannan daban, amma ba shi muke nema a nan ba, ƙwayarsa kuma tana cutar da dabbobi da yara. Idan da yara kika fita, ki zazzage abin da suka tsinko ki bi shi ɗaya bayan ɗaya. Yaro cika kwando ne damuwarsa.

Wajen tsinka, kan kawai za ki ɗauka, tohon sama da ganye biyu ko uku na ƙasa da shi. Kada ki tuge ta da saiwa. Wadda kika tsinke kanta za ta sake yin rassa, bayan mako ɗaya ko biyu ki dawo ki sami wani. Kwando ko buhu za ki zuba, ba leda ba, domin leda tana dafa ganye tun kafin ki iso gida. Idan kin ci karo da yaɗiya ta hau kan ƙaya, ko gasaya, ko lalo, ki tsinka amma ki ware kowanne daban, don dafuwarsu ba ɗaya ba ce. Lalo dai na miya ne, ba ya shiga kwaɗo. Abin da ba ki sani ba kuwa, ki bar shi a inda kika gan shi, ko ki kawo wa wata dattijuwa a unguwa ta duba miki kafin ya kusanci tukunya. Zaƙami ma, mai guba, a irin wuraren nan yake fitowa.

Da kin dawo ki fige, ki cire kara, ki wanke sau uku a ruwa mai yawa, kina tsamo ganyen daga sama don yashi ya zauna a ƙasa. Ki bari ruwa ya tafasa sosai kafin ki zuba. Wasu suna jefa kanwa tun daga farko. Ni ban yarda da wannan ba idan ganyen sabo ne, domin kanwa tana sa shi ya caɓe ya yi baƙi. In ya ɗan tsufa ne, to, ɗan guntu kamar ƙwayar wake ya isa. Idan ya yi 'yan mintuna yana tafasa ki zubar da ruwan farko, shi ne ke ɗauke da yawancin ɗacin da warin, ki zuba wani ruwan zafi ki ci gaba. Jimillar dafuwar takan kai rabin awa ko fiye, don haka ki hura gawayi ko itace, kada ki ƙarar da gas ɗinki a kan ganyen da kika samu kyauta. Alamar ya nuna ita ce ki murza shi tsakanin yatsu ya mutsuke ba tare da zare ba. Ki tsame, ki bar shi ya huce, sannan ki matse shi da hannu biyu har ruwa ya daina ɗiga. Yawancin kwaɗon da ake cewa ba daɗi, rashin matsewa ne ya kashe shi.

Haɗin kuwa kowa ya san shi: dakakken ƙuli-ƙuli, gishiri, albasa, attarugu ko barkono, ɗan man gyaɗa, dunƙule idan kina so. Ƙuli-ƙulin ya yi tsada yanzu, amma kada ki yi masa rowa, shi ne ke danne sauran ɗacin. Ki dama shi da ɗan ruwa kafin ki zuba ganyen. Tumatir na bar wa masu so. Wanda bai saba cin tafasa ba ya fara da kaɗan ya ga yadda cikinsa zai karɓa, mai juna biyu ma kada ta cika.

Abin da ya rage ki shanya ɗanyensa a kan tabarma a inuwa, inda iska ke ratsawa, kina juyawa, kuma ki kwashe da kin ga hadari. Idan ya bushe har yana ƙaras-ƙaras a hannu, ki zuba a buhu ki rataye nesa da danshi. Da rani sai ki jiƙa ki dafa, ki yi kwaɗo ko ki zuba a dambu.