Darasi na Tara: Rabon Ruwan Gulbi a Shekarar Fari

Manyan gulabe biyu ne suke shayar da ƙasarmu ta Sakkwato, wato Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su bi ta Argungu da Birnin Kabi, su faɗa Kogin Kwara. Kowannensu an tare shi da madatsa. Madatsar Bakolori, kusa da Talatar Mafara, tana kan Gulbin Sakkwato, an gama ta a 1978. Madatsar Goronyo tana kan Rima, an gama ta a 1984. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ta gwamnatin tarayya, ita ke riƙe da su.

Damina a nan gajera ce. Daga watan Yuni zuwa Satumba an gama. Ruwan da ka gani yana gudu a Rima cikin bazara, mafi yawansa ajiyar damina ce da ake sakowa daga Goronyo kaɗan-kaɗan. Idan ta cika, madatsar tana ɗaukar ruwa sama da mita-kubik miliyan 900. Mita-kubik ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 mai cin lita 25. Adadin yana da yawa a kunne, amma masu jiran sa ma suna da yawa: famfunan birnin Sakkwato, manoman albasa da tafarnuwa na Goronyo da Wurno, masu shinkafa a fadama, masunta, makiyaya, da mutanen Kabi can ƙasa. Ga rana da iska suna shan nasu kullum ba tare da sun tambayi kowa ba. Ga yashi da laka da gulbi yake kwasowa duk shekara yana jibgewa a cikin madatsa, wurin zaman ruwa yana raguwa.

A 2018 ruwan Goronyo ya ja baya har ya zama saura kusan kashi 10 cikin 100. Kamar mai buhu goma ne ya leƙa rumbu ya tarar saura ɗaya, damina kuma da sauran nisa.

Wa ake fara ba?

Idan ruwa ya yi kaɗan, shan mutane shi ne farko. Sai dabbobi. Sai shukar da ta riga ta kama ƙasa. Sabon fili da ba a shuka ba shi ne na ƙarshe, kuma a shekarar fari gara a haƙura da shi.

Wani saurayi mai sabon injin ban-ruwa ya tarar da Sarkin Noma a bakin gulbi, ransa a ɓace.

"Baba, mi ya hana a buɗe muna ruwa? Shinkafata tana ƙonewa."

"Yaro, in an buɗe yadda kake so yau, mi za a sha a birni watan gobe? Kadada nawa ka shuka?"

"Uku."

"Da kaka ka tambayi inda ruwan dam ya tsaya?"

Saurayi ya sunkuyar da kai.

Tambayar nan ta Sarkin Noma ita ce zuciyar darasinmu. Da an ɗauke ruwan sama, kafin ka sayi iri ko ka ci bashin taki, shugabannin ƙungiyarku su je wurin ma'aikatan hukumar su ji ko madatsa ta cika, da lokutan da za a riƙa sakin ruwa. In ba ta cika ba, rage fili. Shinkafa tana cikin shukokin fadama da suka fi shan ruwa. Rabin kadada da ta ƙoshi har girbi ta fi kadada biyu da ruwa ya yanke musu suna cikin fitar da kai.

Haƙƙinka da haƙƙin na ƙasa da kai

Dokar ruwa ta ƙasa ta 1993 ta sa ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya. Dokar ta bar wa kowa ya ɗebi ruwan sha da na aikin gida, ya shayar da dabbobinsa kyauta, a inda jama'a suke da hanyar isa. Saboda haka ba daidai ba ne mai lambu ya shinge mashaya ko ya nome burtali. Makiyayi shi ma ba shi da izinin kora shanu cikin albasar mutane.

Malamanmu sun daɗe suna karantar da wannan. Ya zo a hadisi cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Ya kuma zo cewa na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake shi ga na ƙasa. Idon sawu aka ce, ba gwiwa ba. Wanda ya jera buhunan yashi cikin dare ya toshe magudana don gonarsa tana gaba, ya ci haƙƙin maƙwabci, ko da ba wanda ya gan shi.

Ku yi rabon kwana. Ku zauna da Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Arɗo a gaban mai unguwa ko uban ƙasa, a faɗi ranar kowane ɓangare da awoyinsa. Yanzu da kuka iya rubutu, ku rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, a liƙa kwafi a ƙofar masallaci. Maganar baka tana canzawa idan albasa ta fara yaushi.

Ranar da layi ya zo kanka, yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma. Tura yatsa cikin ƙasa tukuna. In da danshi, bar wannan kwamin ka wuce gaba. Duba tiyonka, inda ya huje ka ɗaure shi da roba. Nome ciyawar da ta cika magudana.

Aikin wannan mako

Rubuta sunayen ƙauyuka uku da suke shan gulbi a ƙasa da naku. Sa'an nan ka lissafa: in mita-kubik ɗaya jarka 40 ce, jarka nawa ce mita-kubik 5? Ka zo da amsar aji ranar darasi na gaba.