Yadda Ake Gano Matsalar Kuloci da Giyar Babur, a Gyara a Gida

Galibin baburan da ke yawo a Damagaram, tun daga na 'yan kabu-kabu har na ma'aikata, ƙanana ne masu inji mai girman cc 110 zuwa 150, kuma kulocinsu da giyarsu baƙin mai ɗaya suke sha a cikin injin. Shi ya sa ba a fara bincike da kwance inji. Daga waje ake farawa, domin sau da yawa laifin yana ga wayar kuloci, ko mai, ko sarƙa.

Da farko ka tantance irin ciwon. Ka hau kwalta, ka sa giyar ƙarshe, sannan ka murɗa mai da ƙarfi. Idan injin ya yi ta kuka amma gudun bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa. Idan kuwa ka matse hannun kuloci har ƙarshe, ka taka giya ta ɗaya, babur ya zabura ko ya mutu, kuma firi, wato inda babu giya a ciki, yana wuyar samu alhali inji na aiki, to kuloci ba ya saki sosai.

Daga nan sai ka duba wasan hannun kuloci, wato ɗan motsin da yake yi kafin ya fara jan waya. A bakin hannun, milimita 10 zuwa 20 ake so. In babu wasa ko kaɗan, wayar tana jan kuloci kullum, shi ke kawo zamewa. In ya yi yawa, kuloci ba zai saki ba. Ka sassauta notin da ke gindin hannun ka daidaita, in bai isa ba ka koma ga notuka biyu na ƙasa kusa da injin. Ƙurar hunturu tana shiga cikin rigar wayar ta busar da ita, saboda haka ka zare ta, ka ɗiga mata mai, ka duba ko silinta ya fara tsinkewa. Wayar da ta fara tsinkewa canza ta ake yi.

Baƙin mai ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Man mota, musamman mai ƙarin sinadarin santsi, yana sa faifan kuloci zamewa ko da sababbi ne, kuma man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba wanda ya san asalinsa. Ka nemi gwangwanin da aka rubuta wa JASO MA ko MA2, alamar man da ya dace da kulocin babur, kuma ga zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, mai kauri irin 20W-50 ya fi dacewa. Ka yi juye inji yana da ɗumi, ka tare tsohon man a roba mai tsabta, ka dube shi a hasken rana. Ƙaurin ƙuna yana nuna faifai sun ƙone, ɓarɓashin ƙarfe kuma yana iya fitowa daga giya. Yawancin waɗannan injuna kusan lita 1 suke ɗauka. Kafin ka tashi, ka taɓa sarƙa: wasanta milimita 20 zuwa 30 ne, kuma sakakkiyar sarƙa tana sa canjin giya ya riƙa bugawa har a ɗora wa injin laifi.

Idan duk wannan bai yi magani ba, sai a buɗe murfin dama na injin, inda kuloci yake. Ka shimfiɗa buhu ko tabarma nesa da iska, domin rairayin da ya shiga inji ya fi tsohon faifai ɓarna. Bayan ka zubar da mai, ka cire wayar da abin tayar da inji na ƙafa, ka kwance kusoshin murfin kana jera su yadda suka fito, tunda tsayinsu ba ɗaya ba ne. Sifirin huɗu ne galibi ke danne faifan, kuma kaɗan-kaɗan ake sassauta su, ɗaya da wanda ke fuskantarsa. Faifan da ke da fata sabo kaurinsa yana kai kusan milimita 3. Wanda ya sauka ƙasa da 2.6, ko ya yi baƙi yana ƙyalli, ya gama aiki. Na ƙarfen kuma ka ɗora su kan gilashi, duk wanda ya yi rawa ya lanƙwashe. A ganina, canza faifai a bar tsofaffin sifirin tsimin banza ne, domin sifirin da ya gaji zai ƙone sabon faifai da wuri, balle ga mai ratsa rairayin ƙauyukan Mirya da kaya yana riƙe da rabin kuloci. Ka jiƙa sababbin faifan a baƙin mai na sa'o'i kafin ka jera su, mai fata sannan na ƙarfe, ka sa sabuwar takardar murfi, ka ɗaure kusoshi ba tare da matsi mai yawa ba, saboda jikin injin sanholo ne, zarensa ba ya jimiri.

Ta ɓangaren giya, abin da ake iya yi a gida kaɗan ne. In ƙafar giya tana lilo, ka matse kusarta, ka duba ko haƙoran sandar sun cinye. In ka taka ba ta dawo ba, sifirin da ke maido ta ne ya karye, kuma a yawancin waɗannan injuna yana bayan kuloci, ta murfin daman ake kai gare shi. Amma giyar da ke fita da kanta ana cikin tafiya, bayan an daidaita waya an yi juye, alama ce ta cinyewar haƙoran da ke kama juna ko lanƙwashewar cokulan da ke tura giya. Wannan sai an sauke inji an raba shi biyu, aikin bakanike ne mai kayan aiki, kuma ci gaba da hawa a haka yana iya kulle tayar baya ana tsakiyar gudu.