Shuka Filasko da Gwada Shi

Filasko tsiro ne da ake shan ganyensa don ya saki ciki. Da farko ka jiƙa irin a ruwan ɗumi ya kwana, don ɓawonsa na da tauri. Nemi jigawa, irin ƙasar wajen Dukku da Nafaɗa a jihar Gombe. Filasko ba ya son inda ruwa ke kwanciya. Shuka shi a watan Yuni, kada rami ya yi zurfi.

Bayan kamar wata 3 sai ka tsinki ganyen, ka shanya a inuwa.

Gwajin ne ke buƙatar hankali. Ɗan tsunkule busasshen ganyen kaɗan, jiƙa a ruwan zafi, tace, ka sha da dare. Yakan saki ciki bayan awa 6 zuwa 12. In ciki ya murɗa, dakata. Kada ka wuce mako guda kana sha, kuma don Allah kar a ba mai juna biyu ko ƙaramin yaro sai likita ya yarda.