Warin murjani a akwariyom na ruwan gishiri: yadda zaka gane wanda ba komai da wanda ke nufin matsala

Cikin wata na huɗu na bara aka ɗauke kuran tun azahar sai bayan isha'i ya dawo, kun dai san zafin Yamai a lokacin nan, sama da digiri 40 a inuwa. Da asuba uwargida ta tashe ni tace "maigida wai mi ya mutu cikin salon ɗin nan, ɓera ne?" Muka ɗaga kujeru bamu ga komai ba, ashe daga akwariyom ne, wato tankin gilashin da nake kiwon kifi da murjani, Xenia ɗina guda, wani irin murjani mai laushi, ta narke ta koma kamar kunu. Tun ranar na koyi cewa hanci ya riga kwalaben gwajin ruwa bada labari, in dai ka san bambancin warin.

Ga wanda bai sani ba, murjanin da ake maganarsa ba na wuyan amarya bane kawai, dabba ce mai rai, kuma cikin namanta akwai ƙananan tsirai masu yi mata abinci da haske. Su ɗin suna haɗa wani sinadari DMSP, in ka fiddo murjani daga ruwa ya ji iska sai ya saki majina, sinadarin ya rikiɗe ya zama DMS, shi ne wannan wari kamar shu da ya daɗe a tukunya haɗe da warin bakin teku. Acropora, wani irin murjani mai tauri, ta fi kowa wannan hali, ka taɓa ta hannunka ya wuni yana yi ko ka sa sabuni. Wannan ba ciwo bane ɗan uwa, maida ta ruwa ka ƙyale ta. Haka masu laushi irin Sarcophyton da Sinularia, suna da nasu wari mai hawa kai, wani lokaci su rufe kwana uku huɗu suna ƙyalli sannan su zubar da wata fata siririya, ka zuƙe fatar da tiyo ka sa gawayin tace ruwa, shikenan. Gawayin akwariyom nake nufi fa wanda ake cewa sharbon aktif, ba na dafa shayi ba.

Kofin sikima kuma, na'urar nan mai kumfa da ke fidda datti, dama aikinsa wari, daddawa ma ta sallama masa. Zubar dashi duk kwana biyu ko uku, ka wanke a waje.

Wanda zai tada maka hankali shi ne warin mushe. In ka buɗe murfi ya buge ka to wani abu ya mutu, kar ka tsaya jira gari ya waye. Ɗauko tocila ka duba bayan duwatsu, sau da yawa dodon koɗi ne guda ya kife, shi kaɗai ya isa ya ɓata ɗaki. In ba shi bane ka bi murjanin ɗaya ɗaya, wanda kake zargi ka saka shi cikin roba da ruwan tankin ka fito dashi ka sansana, mai rai warin teku yake, wanda ya fara ruɓa ba sai an gaya maka ba. Murjani masu kawuna da yawa irin su Euphyllia sukan kama wata cuta da ke rufe kansu da abu ruwan ƙasa kamar kaurin miyar kuɓewa, to nan ka kashe famfunan da ke kaɗa ruwa tukuna, ka zuƙe abin da tiyo a hankali, dan in ya watse zai kama na kusa, sannan ka cire kan da ya kamu gaba ɗaya. Ni na taɓa jin tausayi na bar guda wai ko zai farfaɗo, uku na rasa.

Bayan ka cire mushen ka gwada amoniya, gubar da mushe ke saki cikin ruwa, ya kamata ta nuna 0. Canza ruwa kamar kashi 20 cikin 100, gobe ka sake gwadawa in bata sauka ba ka ƙara. Shi yasa nake cewa kullum ka aje bido biyu na ruwa haɗaɗɗe, mu nan ba teku garemu ba, mafi kusa sai ka yi tafiyar kilomita wajen 1000 zuwa Kwatano. Ruwan tacewa na osmos, na'urar da ke cire gishiri da datti daga ruwan famfo, zaka haɗa da gishirin akwariyom, kusan giram 35 a lita, awon gishirin ruwan ya nuna 1.025, kuma dan Allah kar wani ya ce maka gishirin Bilma ko na miya zai yi, ba zai yi ba.

Sai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wannan iskar sulfur ce mai guba da ke taruwa inda ruwa ya tsaya babu iska, ƙarƙashin rairayi mai kauri ko cikin tiyo da matatar ruwa in famfo ya yi awanni a kashe. Kuskuren da muke yi, kuran na dawowa komai ya tashi lokaci guda, ruɓaɓɓen ruwan da ke cikin matata ya tuttule cikin tanki. In an daɗe babu wuta cire fulogin matatar, zubar da ruwan cikinta a bokiti, ka ɗauraye kafin ka kunna. Rairayin kuma kar ka tona shi gaba ɗaya rana guda, gefe gefe ake bi duk sati. Ƙaramin famfon iska mai batiri ya fi duk wani kayan ado da zaka saya amfani, in kana da pano a gida ka haɗa famfo guda akansa.

Zafi shi ne uwar duk wannan. Murjani yana son digiri 24 zuwa 27, ya haura 30 ya fara fari yana mutuwa. In babu kilim ka buɗe murfi ka sa fanka tana hura saman ruwa, ka jefa gorar ƙanƙara a rufe, ruwan da ya tsotse ka cika da marar gishiri tunda gishiri baya tashi da tururi.

Af, batun turare. Na san in ɗaki ya ɗau wari abu na farko da mata ke yi shi ne ɗauko kasko, to sikima iskar ɗaki take zuƙa tana cusawa cikin ruwa, fesa maganin sauro ma ya fi muni, yana kashe kifi da jatan lande. Buɗe taga kawai.

Akwai kuma wanda hanci ba zai cece ka ba. Murjani irin su Palythoa da wasu Zoanthus suna ɗauke da palitoksin, guba ce mai tsanani, an sha kwantar da iyali guda a asibiti a Turai da Amurka saboda an zuba ruwan zafi kan dutsen da suke kai tururin ya cika gida. In dutse yana wari kar ka tafasa shi, kar ka goge shi da burushi a ɗaki, sa safar hannu da tabarau, ka jiƙa shi a bokitin ruwan gishiri a tsakar gida da famfo yana kaɗawa kana canza ruwan har warin ya tafi, yakan ɗau sati biyu zuwa huɗu. In bayan aiki kaji zazzaɓi, tari ko numfashi yana maka wuya, tafi asibiti take ka faɗa wa likita sunan abin da ka taɓa.