Yadda Za Ki Tsaya Wa Wadda Aka Yi Wa Fyaɗe, Daga Daren Farko Har Zuwa Gaban Alƙali

Galibi mace ce take fara jin labarin. Ko dai uwa ce da ta lura 'yarta ta dawo daga talla tana ɗingishi, ta ƙi cin abinci, ko yaya ce da ƙanwarta ta kira ta cikin dare, ko gwaggo, ko malamar Islamiyya da ɗaliba ta tsaya bayan an tashi tana murza gefen hijabinta ba ta ce komai ba. Saboda haka nake magana da ke a wannan rubutu, amma duk abin da ke ciki ya hau kan uba da wa da kawu, kuma ya shafi yara maza da ake yi wa irin wannan ta'asa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 a Najeriya sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18.

Abu na farko shi ne ki kama bakinki daga tambayoyin da ke fara zuwa a harshen kowa: "Me ya kai ki ɗakinsa?" "Wane irin kaya kika saka?" "Me ya hana ki ihu?" Mata masu fafutukar haƙƙin mata sun daɗe suna nuna cewa waɗannan tambayoyi suna ɗauke shari'ar daga kan wanda ya aikata laifin su ɗora ta a kan wadda aka zalunta, kuma yarinyar da aka tare ta da su a minti na farko takan rufe baki, wani lokaci har ƙarshen rayuwarta. Ki zaunar da ita inda ba kowa, ki gaya mata kin yarda da maganarta, ki kuma gaya mata ƙarara cewa laifin ba nata ba ne. Kada ki matsa mata ta ba da labarin daki-daki, domin gaba za ta maimaita shi ga likita da ɗan sanda da lauya. Abin da kike buƙatar sani a wannan dare shi ne ko tana zubar da jini, da yaushe abin ya faru, da kuma ko mutumin zai iya sake kaiwa gare ta. Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi, saboda mafi yawan lokuta mai laifin sananne ne: maƙwabci, ɗan'uwa, mai shago a bakin layi, malami, ko mijin uwa. Idan gida ɗaya suke kwana, a raba su a daren nan.

Daga nan sai asibiti, kuma asibiti yana gaba da ofishin 'yan sanda, yana gaba da taron dangi. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon ƙarfin kariyar. Ana shan sa kwana 28 ba tare da tsallakewa ba, ko da yana sa tashin zuciya da kasala. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana da amfani har zuwa awa 120, wato kwana 5. Akwai kuma magungunan cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, da allurar ciwon hanta, da ta tetanus idan akwai rauni. Iyalai da yawa suna ɓata waɗannan kwanaki uku wajen jiran maigida ya dawo daga tafiya ko jiran abin da kawu zai ce, kuma kwanakin nan ba sa dawowa.

Idan akwai cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a kusa, ita za ki nufa, domin a can ana haɗa magani da gwajin tattara hujja da shawarwarin kwantar da hankali a wuri ɗaya, kuma kyauta ne. Irin ta farko a ƙasar nan ita ce Mirabel, wadda aka buɗe a Legas a 2013. A Kano akwai Waraka a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama a Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan, a Sakkwato akwai Nana Khadija, a Minna kuma akwai Rayuwa. Inda babu, a je babban asibitin gwamnati mafi kusa, a nemi likita ya rubuta rahoto, ke kuma ki rubuta sunansa da ranar, saboda wata rana kotu za ta iya kiran sa ya ba da shaida.

Maganar hujja tana buƙatar a bi ta da natsuwa, domin ta ci karo da abin da zuciya ke so. Wadda aka yi wa fyaɗe ba abin da take so kamar ta shiga bayi da ruwan zafi da sabulu, kuma uwa takan yi sauri ta haɗa mata ruwan bagaruwa ta wanke zanin ta shanya. Idan za ta iya daurewa, a je asibiti kafin wanka. Zani da siket da ɗan kamfai da zanin gado, a ajiye su yadda suke, kowanne daban, a cikin takarda ko babbar ambulan. Kada a ƙulle su a leda, saboda leda tana riƙe danshi, danshi kuma yana lalata abin da za a gwada. Kada a goge saƙonnin waya ko na WhatsApp, har da na barazana da na ban haƙuri da ke zuwa daga baya. "Ki yafe mini, sharrin shaiɗan ne" magana ce da lauya zai so ya gani a rubuce. Idan kuma ta riga ta yi wanka, ko kwanaki sun shuɗe, har yanzu a je asibitin, domin lafiyarta tana nan tana bukatar kulawa, kuma shari'a tana iya tsayuwa a kan wasu hujjojin.

Kai ƙara shawara ce da babbar mace ita za ta yanke wa kanta. An riga an ƙwace mata iko da jikinta sau ɗaya, bai kamata masu ƙaunarta su sake ƙwace mata ikon yanke shawara ba. Ki bayyana mata abin da ke gaba da gaskiya, daɗinsa da ɗacinsa, sannan ki bi abin da ta zaɓa. Idan ƙaramar yarinya ce, nauyin yana kan manya, kuma shiru a nan yana nufin an bar wa mutumin sauran yaran unguwa. In za a je ofishin 'yan sanda, kada ta je ita kaɗai. A nemi sashen da ke kula da mata da yara, a nemi 'yar sanda mace ta ɗauki bayanin, a karanta mata abin da aka rubuta cikin harshen da take ji kafin ta sa hannu. Ki sayi ƙaramin littafi tun ranar farko ki riƙa rubuta sunan ɗan sandan da ke bincike, da lambar fayil, da kowace rana da abin da aka ce a cikinta.

Inda yawancin shari'o'in nan suke mutuwa shi ne zaure. Bayan kwana biyu ko uku za a ga dattawa sun yi sallama bayan sallar isha'i, da mai unguwa ko limami a gaba, da wan mai laifin a baya yana sunkuyar da kai. Za a ce ƙaddara ce, za a ce a bar kaza cikin gashinta, za a tambayi uban yarinya wa zai aure ta idan magana ta fita. Daga ƙarshe a ajiye ambulan a gefen tabarma da sunan kuɗin magani. Yarinyar da ake magana a kanta tana can cikin ɗaki, ba wanda ya tambaye ta. Wannan shi ake kira rufin asiri, amma in an duba da kyau, asirin namijin ne aka rufa: shi zai ci gaba da buɗe shagonsa yana tsayawa a sahun gaba, ita kuma a cire ta daga makaranta a tura ta ƙauye wajen kaka, alhali duk unguwa ta riga ta sani.

Ki shirya wa wannan zama tun kafin ya zo. Ki samu mutum ɗaya cikin mazan gidan da ake jin maganarsa ki fahimtar da shi tun da wuri, domin ke ba lallai a bar ki ki zauna a zauren ba. Amsar da za a bayar gajeriya ce kuma cikin ladabi: magana tana hannun hukuma, ba ta hannunmu. Wannan gaskiya ne, domin fyaɗe laifi ne da gwamnati ke gurfanarwa a kansa, iyali shaidu ne kawai. Kada a karɓi kuɗi, kada a sa hannu a kowace takardar janyewa. Idan lallashi ya koma barazana, a rubuta ta a littafin nan a sanar da lauya.

Za a kuma kawo miki addini, saboda haka ki san abin da addinin ya ce. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa wadda aka tilasta babu haddi a kanta kuma babu zunubi, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, bayan hukuncin da ke kan mai laifin, ana ɗora masa biyan ta sadakin tsararta. Sai dai tarihin kusa ya koya mana taka-tsantsan. A Zamfara, an yi wa Bariya Ibrahim Magazu bulala 100 a watan Janairu na 2001 bayan ta yi ciki, ko da yake ta ce tilasta ta aka yi, su kuwa mazan da ta ambata ba a hukunta su ba. A Sakkwato sai a kotun ɗaukaka ƙara aka wanke Safiya Hussaini, wadda aka yanke wa hukuncin jifa kan zargin zina, a 2002. Ƙungiyoyin mata irin su BAOBAB da WRAPA sun yi aiki a kan irin waɗannan shari'o'i, kuma da hujjojin fiƙihun Malikiyya kansa aka yi gardamar. Darasin da ke ciki shi ne a ga lauya kafin a zaɓi kotun da za a je da kalmomin da za a shigar da ƙarar da su, musamman idan akwai ciki. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa duk suna karɓar irin wannan koke ba tare da kuɗi ba.

Ki tambayi lauyan wace doka ce ke aiki a jiharku. Tsohon kundin dokokin laifuka na Arewa, wato Penal Code, ya fassara fyaɗe a sashe na 282 a matsayin abin da namiji ke yi wa mace kawai. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta faɗaɗa ma'anar ta haɗa da maza da yara maza, ta tanadi ɗaurin rai-da-rai, da mafi ƙarancin shekara 12 ga baligi da shekara 20 ga waɗanda suka yi taron dangi, ta kuma ba kotu ikon yanke diyya. Amma a Abuja take aiki kai tsaye; kowace jiha sai majalisarta ta amince da tata. Dokar Shaida ta 2011 kuma ta hana lauyan wanda ake tuhuma yi wa mai ƙara tambaya game da mu'amalarta da wasu maza sai da izinin kotu, kuma yana da kyau ta san da wannan kafin ta shiga akwatin shaida.

Tafiyar shari'ar tana da tsawo. Akan fara kai wanda ake tuhuma kotun majistare a tsare shi, sai a tura fayil Ma'aikatar Shari'a don neman shawarar daraktan gabatar da ƙararraki, sannan a shigar da ƙara a babbar kotu. A tsakanin nan ne fayil ke kwanciya watanni, a canja wa ɗan sandan bincike wurin aiki, a ba da beli, iyali su gaji da kuɗin mota. Maganin wannan shi ne naci: a raba zuwa kotu tsakanin mutum biyu ko uku, a riƙa leƙa ma'aikatar ana tambayar inda fayil ya kwana, a rubuta takardar tuni idan an ji shiru.

Game da intanet kuwa, yunƙurin ArewaMeToo na watan Fabrairun 2019, inda matan Arewa suka riƙa bayyana cin zarafin da aka yi musu a shafukan sada zumunta, ya nuna ƙarfin magana a fili, ya kuma nuna tsadarta, domin a cikin watan ne 'yan sanda suka kama Maryam Awaisu, ɗaya daga cikin masu jagorantarsa, a Kaduna. Kada ki taɓa sa suna ko hoto ko unguwar wadda aka zalunta a Facebook, ko da nufin neman taimako ne, kuma kada ki ambaci sunan wanda ake zargi kafin ki yi shawara da lauya.

Duk wanda ya bi shari'a ɗaya irin wannan zai gane cewa siyasa ce ke yanke ko akwai magani a kantar cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, ko akwai mai a motar ɗan sanda. A watan Yunin 2020 gwamnoni sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a watan Satumba na shekarar kuma Kaduna ta sa hannu kan dokar dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe. An yi tafi, amma ni ina tare da matan da suka ce tsananin hukunci a takarda ba ya maye gurbin tabbacin kamawa da gurfanarwa, har ma yana iya sa dangi su ƙara rufe baki idan mai laifin ɗan gida ne. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, kuma a Majalisar Dattawa ta goma mata 4 ne cikin 109. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma waɗanda ke raba kasafin kuɗi kusan duk maza ne. Idan ɗan majalisar jiharku ya zo neman ƙuri'a, ki haɗa matan unguwa ku tambaye shi nawa aka ware wa cibiyar da ke jihar a kasafin bana, da kuma ko an saki kuɗin.

A gida kuwa, ki lura da barcinta da cin abincinta, ki tabbata ta gama maganin kwana 28, ki mayar da ita asibiti a ranakun da aka ba ta domin sake gwaji. Idan ta fara maganar gara ta mutu, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta ga likita a ranar. Idan ɗaliba ce, ki je da kanki ki ga shugabar makaranta a keɓe, ku tsara ranar da za ta koma aji da kuma malamar da za ta riƙa zuwa wajenta idan wani ya yi mata gori.