Yadda za ka gane nawa ne naka nawa ne na haraji idan kai ne ogan kanka

Mai albashi kafin alat ya shigo an riga an cire masa haraji, shi ya sa bai damu ba. Kai da kake aikin kanka babu mai cire maka, kuɗin yana faɗowa ne har da rabon gwamnati a ciki, sabbin shiga su ga alat su ɗauka duk nasu ne, su kashe, lokacin biya ya zo a fara neman rance.

Da farko ka haɗa duk abin da ya shigo hannunka a shekara, ka cire abin da ka kashe wa aikin, irin su data, hayar wurin aiki, kayan aiki, kuɗin mota zuwa wajen kwastoma. Abin da ya rage shi ne riba, a kanta ake ɗora haraji. Amma fa sai da risit, ni a ƙa'idata abin da ba shi da risit kamar ba a kashe ba ne. Wayar da kake aiki da ita kuma kake hira da 'yan uwa, kason aikin kawai za ka cire.

Sai lissafin harajin, a nan mutane ke tsorata a banza. Yawancin ƙasashe mataki-mataki suke yi, idan ka haura mataki ba duk ribar ake caje ka da sabon kaso ba, ɓangaren da ya haura kawai. Misali, ba na kowace ƙasa ba ne, a ce 1,000,000 ta shigo, ka kashe 300,000, riba 700,000 kenan. A ce 200,000 ta farko babu haraji, 300,000 ta gaba kashi 10 cikin 100, ragowar 200,000 kashi 20. Wato 30,000 da 40,000, jimla 70,000. Naka 630,000 ne, ka raba wata 12, ya kama 52,500 a wata. Wannan shi ne albashinka na gaskiya. Matakan ƙasarka ka duba su a shafin hukumar haraji, kada ka kwafi na bara don suna canjawa.

Kuma ba harajin riba kaɗai ba ne. A Amurka mai aikin kansa yana biyan ƙarin kashi 15.3 na fansho da inshorar lafiyar tsofaffi, don shi ne ma'aikaci shi ne kuma mai kamfani, rabon duka biyun a kansa yake. Can sau 4 ake biya a shekara, Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. A Ingila kuwa shekarar farko ce ke kayar da mutane, ranar 31 ga Janairu za ka biya na shekarar da ta wuce, sannan idan kuɗin da ɗan yawa a ƙara maka rabinsa a matsayin kafin alƙalami na mai zuwa, wani rabin kuma 31 ga Yuli.

To abin da nake so ka riƙe dai, ka buɗe asusu na biyu, wanda ba shi da kati. Duk alat da ya shigo, a ranar, kafin ka taɓa komai ka tura kason haraji can. Ba ƙarshen wata ba, ƙarshen wata babu abin da zai rage wallahi. Idan lissafinka ya ba ka kashi 10 ka tura 15, in ya yi rara naka ne. Ba ka buƙatar manhajar kuɗi, Excel ko littafin rubutu ya isa, akanta kuma, wato ƙwararren mai lissafin kuɗi, sau ɗaya a shekara ya duba maka ya wadatar.

Idan kwastoma ya cire haraji kafin ya biya ka, karɓi takardar shaida, za a rage maka daga abin da ake binka. Duk bayan wata 3 ka sake lissafi, ka cike fom ɗin haraji kafin wa'adi don tarar jinkiri daban take.